A Wanke Injin, Ko a Bar Shi da Dauɗarsa?

Mu Haɗejawa ba ma wasa da wankin mota. Ko da tsohuwar Golf ce wadda sai an ɗaga ƙofarta an danna take rufuwa, da sassafe za ka tarar an sa yaro yana darje taya, yana kakkaɓe tabarmar ƙafa, har da ɗan turare a ciki. Amma ka ce da mai ita, "Alhaji, buɗe mana bonet mu gani," nan take zai shiga tambayarka lafiyar iyali da ta maƙwabta. Abin da ke ƙarƙashin murfin nan sirri ne tsakaninsa da bakanikensa.

A yi masa uzuri, ƙasar ce tamu haka. Da hunturu ƙura ta shiga kowace kafa. Da damina lakar fadama, baƙar nan mai danƙo, ta fallatso ta ƙasa ta manne. Lokacin sussukar shinkafa kuwa, motar da ta je gonakin Auyo ɗauko buhuna ba ta dawowa sai da ƙaiƙayi cike da lagireto. Duk waɗannan su tarar da baƙin man da ke tsattsafowa tun bara, su haɗu su daskare, har ka rasa inda ƙarfe ya tsaya da inda laka ta fara. Idan motar tana kwana kusa da ɗakin ajiyar hatsi, ɓera ma ya samu masauki mai ɗumi, ya riƙa rage dare da wayoyi.

A kan wannan dauɗa majalisarmu ta rabu biyu, kuma ba jiya ta rabu ba.

Tsofaffin direbobin tasha su ne 'yan kar-a-taɓa. "Yaro, inji da ruwa ba sa ga maciji," in ji wani baba da ya tsufa a kan hanyar Kano. "Dauɗar nan da ka raina ita ta riƙe shi. Ka wanke yau, gobe ka ga mai na zuba ta ko'ina." Kada ka yi saurin yi masa dariya, domin babu direban da bai taɓa ganin motar da ta shiga wurin wanki da ƙafarta ta fito da turi ba. Golf 3 ɗin da muke ji da ita, wadda ta fara fitowa daga Jamus a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, yawancinta disturbuta ke raba wa filogi wuta. Ɗan danshi ya shiga ƙarƙashin hularta, shi ke nan, sai ka ƙarar da batir kana murza makulli. Inda baban ya kauce shi ne batun riƙo. Laka ba ta toshe yoyo, shanye man kawai take yi don kada ka gani. Wanki bai ɓula komai ba, asiri ya tona.

Ɗaya ɓangaren samari ne, kuma su na fi jin tsoro. Hujjarsu ita ce Allah ya ba mu kogi, ya kuma ba mu injin ban ruwa. Mutum ya taso tun daga Kano, ya biyo ta Gujungu, inji ya ɗau zafin da ya kai wajen digiri 90, bai tsaya ko'ina ba sai bakin ruwa. A ɗaga bonet, a watsa kananzir ko gas, a barbaɗa Omon da uwargida ta saya don wankin yara, sannan a ja igiyar inji a saki tiyon da aka yi domin cika fangalin shinkafa. Tururi ya turnuƙe, 'yan kallo su ce, "Kai, ya fita fes!" Ya fita kam. Sai dai ƙarfe mai zafi idan ruwan sanyi ya dake shi farat ɗaya yana iya tsagewa, musamman wuyan salansa inda ya manne da inji. Ƙarfin ruwan kuma ba ya tambaya, yana kutsawa cikin altaneto, ya cika ramukan filogi, ya ratsa mahaɗan wayoyi. Motocin yanzu, irin su Corolla da Sharon, akwai 'yar kwamfutar da kanikawa ke kira birenbos, ga na'urori birjik masu kai mata rahoto. Kwana biyu sai wutar gargaɗi ta kama a gaban direba, mota ta fara shaƙuwa, a kama hanyar mai rewaya ana cewa baki ne ya kama ta. Gas da kananzir su ma suna cin roba a hankali, tiyo ya kumbura, fanbel ya fara kuka. Masu wanki da fetur a kan inji mai zafi kuwa, ban da addu'a ba ni da abin ce musu.

Bakaniken unguwarmu ba ya cikin kowane ɓangare, shi abincinsa yake dubawa. Yana son a wanke, don idan an kawo masa inji mai ɓawon laka sai ya yini yana laluben inda mai ke fita, mai mota na tsaye a kansa yana duba agogo. Amma wankin da yake nufi ba ya tara 'yan kallo. A bar mota a inuwa ta huce har ka iya ɗora tafin hannu a kan inji ka bar shi. A cire kan batir. A ɗaure leda a altaneto da disturbuta da akwatin fiyus da bakin da iska ke shiga. Sai ruwan sabulu a bokiti, da burushi, da tsumma, da haƙuri. Ɗauraya da buta ake yi, ba da tiyo ba. Lagireto a zuba masa ruwa ta baya don ƙaiƙayin ya koma ta inda ya shigo. In an gama a aika yaro wurin mai faci ya hura iska a lunguna, a kwance ledojin, a ƙirga su kamar yadda aka ɗaura, sannan a tayar da mota a bar ta tana aiki har ta bushe. "Oga, ai wannan aikin rabin yini ne," in ji wani matashi. Bakaniken ya ce, "Ɗan'uwa, nawa ne altaneto yanzu a Kano?" Aka yi shiru.

Akwai kuma wankin da ba a nema ba. A ambaliyar 2022, lokacin da matasa ke kwana a kan jinga da buhunan ƙasa suna tare wa gari ruwa, hanyoyi da dama sun yanke, direbobi suka riƙa kutsawa da "ai jiya wane ya wuce." Wanda ruwa ya kai masa bakin iska, inji ya shaƙa, mota ta mutu a tsakiya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sake murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke matsuwa, fiston ya taso ya tarar da shi, sandarsa ta lanƙwashe. Masu wayo suka tura motarsu tudu, suka zaro sandar auna mai, suka ga ya yi fari kamar kunun gyaɗa, suka juye shi kafin komai. Har su ɗin, lakar da ta bushe cikin mahaɗan wayoyi ta yi watanni tana aika su wurin mai rewaya.

Dillalai su ne suka ƙara rikita mana lissafi. Motar sayarwa sai an wanke injinta tas, an shafe robobi da man ƙyalli, ka rantse jiya ta sauka daga Kwatano. Da muka gane, sai muka koma zargin duk injin da ya cika tsafta. Yanzu Bahaɗeje ya fi natsuwa da injin da ke da 'yar ƙura busasshiya, don ita ce shaidar babu yoyo. Ana ma raɗe-raɗin wasu dillalan bayan wanki sukan ɗan zaga da motar a hanyar burji kafin mai saye ya iso.

Abin da ba mu cika son a tayar ba shi ne inda baƙin ruwan ke tafiya. Kogin nan ba a Haɗeja ya tsaya ba, yana gangarawa ta Kirikasamma da Guri zuwa dausayin Nguru. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, kacalla ta toshe magudanai da yawa, ruwa ya koma kwanciya a wurare. Man da ka ɗauraye da hantsi ba lallai ya yi nisa ba, yana iya maƙalewa a gindin ciyawa inda tarwaɗa ke kiwo. Da aka faɗi haka a majalisa, wani mai fataucin kifi ya miƙe ya ce wallahi duk wanda ya sake gani da mota a bakin ruwa sai ya kai ƙararsa wurin mai unguwa. Wani ya tambaye shi inda yaransa ke wanke J5 ɗin da ke kai masa banda kudu. Ya ce wannan daban, ita a ƙasan gari ake wanke ta, ruwan ya riga ya wuce mu.