Madalla Da Faransa, Mai Haɗa Miji Da Mata

Wace ƙasa ce ta kai Faransa kishin auren talaka? Tun 1976 ta amince ɗan ci-rani ya kawo iyalinsa, amma saboda tsabar ƙauna ba ta bari a yi abin da garaje. Ɗan Senegal da ya baro amarya a Louga ko Matam, irin waɗanda ake kira modou-modou, sai ya cika wata 18 da takardar zama a hannu kafin ya buɗe baki ya ce yana da mata. A ƙarshen 2023 ma 'yan majalisa sun so su ƙara masa ya zama wata 24, a farkon 2024 kotun tsarin mulki ta yi musu ƙafar ungulu.

Ga kuma tausayi. Ba za a bar 'yar mutane ta zo ta takura ba, don haka a Paris sai muhallin ya kai murabba'in mita 22, kuma albashin mijin na wata 12 ya kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Shekarun da ya yi yana wanke kwanuka, yana kwana da maza biyar a ɗaki guda, babu wanda ya zo da ma'auni. Sai da ya ambaci matarsa lafiyarsa ta dami hukuma. Allah ya saka da alheri!

Ita kuwa baiwar Allah an hutar da ita daga sanyin Turai. Tana gidan surukai, tana girka wa mutum ashirin, kuɗin da aka aiko ya bi ta hannun uwar miji, 'yan unguwa suna ƙirga mata fita da shiga. Yaronta ya san murya da fuskar ubansa a WhatsApp, ranar da uban ya zo hutu sai yaron ya ɓuya a bayan zanin uwarsa. Doka ta ce a ba da amsar buƙatar mijin cikin wata 6. Idan an samu, saura biza a Dakar, inda ake juya takardar haihuwarta ana shakkar ko ita ce ita. Mai mata biyu kuwa, tun 1993 aka sauƙaƙa masa: ya ɗauki ɗaya, ɗayar ta ci gaba da jira.

Kada a ce baƙon hali ne. Tsofaffin sojojin Senegal da suka yi wa Faransa yaƙi a Indochina da Aljeriya, an wajabta musu zaman wata 6 kowace shekara a Faransa, a ɗakunan gwauraye nesa da matansu, in suna son kuɗin tsufa. Sai a 2023 aka sake su, lokacin wasunsu sun haura shekara 90.