Alhaji Ba-na-so da Sauran Ƴan Kwamiti

Daga Bande zuwa Dogo-Dogo, da wuya a sami gari mai ɗan girma da ba shi da kwamiti uku ko huɗu: na lakwal, na famfo, na bankin cimaka, na gidan likita. Inda aka raya gawo a gonaki, aikin da manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka yi suna a kansa tun shekarun 1980, akan ƙara da na tsaron itace. Aikin na sa kai ne, dukiyar ta kowa ce, takarda kuma ta ce a yi zaɓe. Shirin Japanawa na gyaran kwamitocin lakwal ya fara a Tawa a 2004, ya iso Damagaram, ya game ƙasa a 2007, ya kai ƙuri'ar asiri har ƙauyen da sai amalanke ke shiga. A 2012 an canza wa kwamitocin suna daga COGES zuwa CGDES. Masu zama a tabarmar gaba kuwa suna nan yadda aka san su.

Babbansu shi ne Alhaji Ba-na-so. Yakan iso bayan kowa ya zauna, cikin rigar da ba a sa ta sai ranar Juma'a, ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai. "Jama'a, ku yafe mini. Na gaji, ƙarfi ya ƙare, a ba yara." Kafin ya rufe baki wata murya ta tashi daga baya: "Haba Alhaji, in ka sauka wa zai iya?" Mai muryar ƙanen matarsa ne, kuma a zaurensa ya ci tuwon dare jiya. Alhaji zai ƙi, a roƙe shi, ya sake ƙi, liman ya sa baki, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce tunda an matsa masa, ba zai watsa wa manya ƙasa a ido ba. Duk wannan gajiyar, hatimin kwamiti bai taɓa barin aljihunsa na ciki ba. Goron da aka raba shekaranjiya kuma sadaka ce, kada wani ya yi masa wata fassara.

In tsautsayi ya sa wani saurayi ya ɗauki maganar "a ba yara" da gaske ya miƙe, Alhaji ba ya fushi. Murmushi yake yi. "Ɗan gidan wa ke nan? Allah sarki, ai ina zaune aka raɗa masa suna." Kafin magariba uban yaron ya kira shi gefe, kafin lisha yaron ya tuna cewa yana da aiki a gona. Ƙuri'ar asiri ma Alhaji yana yabonta ƙwarai, abin zamani ce, sai dai tsakanin ƴan uwa mene ne na ɓoye-ɓoye? A ɗaga hannu kawai a huta. Yana faɗa yana waiwayawa, yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya.

A faɗi gaskiya, ba a iya ƙin sa. In baƙi suka zo daga Damagaram, kazar gidansa ake yankawa, kuma shi kaɗai ya san ƙofar da ake bi a ga magajin gari ba tare da an wuni a kan benci ba. Wani ɗan makaranta ya taɓa ba shi labarin Guido van Rossum, Baturen Holan da ya ƙirƙiro harshen kwamfuta na Python, wanda masu aikin sa kai a duniya ke ginawa tare kowa ya ɗauka kyauta. Mutumin ya ce ya gaji a Yulin 2018, ya kuma sauka da gaske, a 2019 aka zaɓi majalisar mutum biyar. Alhaji ya girgiza kai, ya ce Turawa ba su da haƙuri da jama'a.

Bayansa akwai Na-goyi-baya, wanda ke ɗaga hannu wa ɗan takara na farko, ya ɗaga wa na biyu, har ƙuri'u su fi mutane yawa. Akwai Ɗan-ci-rani, da ake zaɓa mataimaki da damina, da an ɗaure gero ya wuce Kano ko Legas, ya riƙa aiko da umarni ta WhatsApp, saƙon murya mai tsawon huɗuba. Akwai wanda tambayarsa ɗaya ce tak, ko kujerar tana da kuɗin zama. In babu, shi dama ciwon baya yake fama da shi. Akwai kuma tsohon ma'aikaci mai ritaya da ke zuwa da dokokin ƙungiya cikin leda, ya jira sai an gama ƙirga sannan ya sanar da Faransanci cewa adadin mahalarta bai cika ba.

Sakatare bai taɓa neman kujera ba, don ya iya rubutu aka ɗora masa. Ramuwarsa tana cikin littafin taro, inda kullum shawarar da ta fi hankali ke fitowa daga bakin sakatare. Mai wannan rubutu ya san mutumin sosai, har bik ɗinsu iri ɗaya ne.

Hajiyar asusu ita ce ta fi kowa sanin aikin. A ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta fara a Maraɗi a 1991, ta saba da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, kuɗi a ƙirga su da ƙarfi gaban kowa. Da ta shigo kwamitin famfo sai aka ba ta kujerar kula da tsabta. Ta karɓa, ta gode, ta gyara mayafi ta ce: "Ranku ya daɗe, nawa ne cikin asusu?"

A nan dariya ke ƙarewa, domin tambayar ta faɗa kan Ma'aji. Shi ba a taɓa yin takara da shi, an ce yana da abin hannunsa, ba zai ci ba. Kuma ai bai ci ba, juyawa yake yi. Dala-dalar da mata ke biya a kan kowace jarka ita ce ke sayen riɗi da wake da kaka, ita ke sayen awakin da za a kora Maigatari ranar Alhamis. In an ci riba tasa ce. In naira ta faɗi, asarar ta gari ce. Sai famfo ya tsaya a tsakiyar bazara, mai gyara ya faɗi kuɗin kaya, Ma'aji ya shafa gemu ya ce kuɗin suna nan, a dai ba shi zuwa kasuwa biyu. A cikin kasuwa biyun nan ƴan mata ke barin aji su tafi layin rijiya tun asuba, yara su sha ruwan da zai kai su gidan likita. Masu binciken kuɗi da aka zaɓa don irin wannan rana, ɗaya maƙwabcinsa ne, ɗayan yana da bashinsa a kai. Wannan sata ce, ko da an yi mata alwala.

Dattawa sukan ce a rufa asiri, mutum ne mai iyali. A zaɓe na gaba sai a sauke shi cikin mutunci, a yi masa addu'a, a miƙa masa makullin bankin cimaka. Tambayar Hajiya kuwa an sa ta cikin "sauran batutuwa", bayan la'asar, lokacin da mata suka tafi ɗora tukunya.