Jirgin da Ke Sauka Kafin Ka Ce Amin

A can arewacin Sikotilan, cikin tsibiran Orkney, akwai filayen jirgin sama biyu, Westray da Papa Westray, waɗanda tazararsu kilomita 2.7 ce kacal. Titin saukar jirgi na filin Malam Aminu Kano ma ya fi haka tsawo. Da a Kano ne, sai jirgin ya tashi daga wannan baki ya sauka bai kai wancan ba. Tafiyar minti ɗaya da rabi ce, kuma an taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53 da iska ta tura jirgin ta baya. Ni wanda nake tausaya wa shi ne fasinja irin namu: ya yi sallama da dangi, ya nemi gafara, ya ɗaure ɗamara, ya ɗauko addu'ar tafiya, bai kai ga shafawa ba a ce masa an iso. Ba shayi, ba gyangyaɗi. Ko tsoron ma sai ya sauka zai ji shi a ƙasa.

Duk da haka ina nan a kan cewa wannan jirgi ba shirme ba ne. Na san za a ce almubazzaranci ne, tunda ga jirgin ruwa yana zirga-zirga tsakanin tsibiran. Gaskiya akwai shi, sai dai tekun can ba rafin bayan gari ba ne, musamman da hunturu. Kuma masu wannan suka sun ɗauka don wannan ɗan tsallen kaɗai ake ƙona man. Ina! Daga Kirkwall, babban garin Orkney, jirgin yake tasowa, ya sauke na Westray, ya sauke na Papa Westray, ya koma, kamar motar haya da ke ajiye mutane ƙauye-ƙauye, illa dai babu kwandasta mai buga ƙofa. Tun 1967 kamfanin Loganair ke wannan jigila, da ɗan jirgi mai ɗaukar fasinja 8, ƙaramar hukumar tsibiran na tallafawa. Mutanen Papa Westray kuwa wajen 90 ne, ba su kai taron sunan gidan mai hali ba, amma suna bukatar malamin makaranta da ma'aikacin jinya, kuma ta nan suke samunsu.

Wani zai ce a gina gada mana, a huta. To, a tsallaka teku da kankare don mutum 90, wa zai biya? In ma an gina, Westray kawai za ta kai su, ita ma tsibiri ce. Asibitin yana Kirkwall. Matuƙin da ya kafa tarihin daƙiƙa 53 ɗin nan, Stuart Linklater, ya yi wannan tsalle fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013. Na buga lissafi: awa 300 ke nan a sama, tsakanin filaye biyu da ke hango juna.