Abokan Tafiya: Daga Nima Zuwa Dajin Kakum

Mu tara ne a bas ɗin da muka ɗauka shata daga Nima, a birnin Ankara (ta Gana, ba ta Turkiyya ba), lokacin dogon hutun makaranta. Niyyarmu mu bi bakin teku har Cape Coast da Elmina, sannan mu kafa tanti mu kwana a gefen dajin Kakum. Tafiyar zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ce kawai. Amma tun kafin mu kuɓuta daga cunkoson Kasoa, garin da sunansa ma "kasuwa" ne aka lanƙwasa, kowa ya fara fito da halinsa.

Akwai Sarkin Tsari. Shi ne ya rubuta komai a takarda: tashi ƙarfe shida, karin kumallo minti goma sha biyar, har kama ruwa ya ware wa lokaci. Takwas da rabi muka tashi. Babban abin da ya tsara shi ne mu ga masunta suna dawowa da kifi a Elmina, sai ya zaɓi ranar Talata, ranar da bisa al'ada masuntan yankin ba sa shiga teku. Kwale-kwale ɗaruruwa a ɗaure, masu su na zaune suna ɗinkin taru. Ya ninke takardarsa ya sa aljihu, ba mu sake ganinta ba.

Sai Gwaggo Mai Guzuri, wadda ta yi imani duk wanda ya bar Zango yunwa ce ajalinsa. Kilishi, dambun nama, garin kwaki, kwalbar yaji, tukwane biyu da risho, ga fulas a cinya kamar jariri. A Mankessim 'yan talla suka yi wa motar ƙawanya da dokunun Fante naɗe a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da shito. Ta leƙa ta taga.

"Wa ya yanka?"

"Gwaggo, kifi ne fa."

"Duk da haka."

Washegari da idona na ga ɓawon dokunu uku a ƙarƙashin kujerarta.

Kawu kuwa baƙo ne daga Kano, kuma ɗan jam'iyyar "ai namu ya fi". Ya tsaya gaban tekun Atilantika, igiyar ruwa na dukan duwatsu har ƙasa na girgiza, ya ce Tiga ma haka take in damina ta yi albarka. Daji kuma ai sai Yankari, ga ruwan Wikki. Sau ɗaya ya dace: da aka kawo waakye ya ce wannan ai shinkafa da wake ce, kuma gaskiyarsa, daga bakin Hausawa sunan ya fito. Mun ji jiki da wannan nasarar har muka dawo.

Ɗan jami'a ma akwai, mai ƙarasa wa ɗan jagora magana. A ganuwar Elmina jagora ya ce 'yan Fotugal ne suka gina ta a 1482, yaron ya yi caraf ya ce sannan Ingilishi suka ƙwace. Jagora ya ce a'a, mutanen Holan ne, a 1637, Ingila sai 1872. Bai daddara ba. Abin da ya rufe masa baki kurkukun bayi ne: duhu, wari na danshi, da ƙofar nan ƴar siririya da ake fitar da mutane zuwa jirgi ɗaya bayan ɗaya. A nan ko ƙanwarmu mai hoto, wadda ba ta iya ganin kwakwa ba ta jingina da ita ba, sai da ta sauke wayarta. Kawu ma bai ce namu ya fi ba.

Amma gwarzon tafiyar Yaya Jarumi ne. Tun daga Winneba yake ba mu labarin yadda yake hawa giginya yana yaro. Gadar Kakum, wadda aka buɗe a 1995, gadoji bakwai ne na igiya rataye tsakanin manyan bishiyoyi, wani wurin tsayinsa daga ƙasa ya kai mita 40. Abin takawa katako ne da faɗinsa bai fi tafin ƙafa biyu a jere ba, raga dama da hagu, kuma duk wanda ya taka a bayanka kai za ka ji a cikinka. Yaya ya yi taku goma ya ƙame. Ya rungume igiya, ya karanto duk addu'ar da ya sani, har ta shiga kasuwa. Ɗaliban firamare sun yi layi a bayansa suna jira cikin ladabi. Gwaggo, da ta riga shi hayewa da fulas ɗinta, ta ɗaga murya daga can:

"Kai ɗan nan, giginyar taka a kwance take?"

Da yamma Injiniya ya karɓi ragama. Irinsa ba ya duba takardar bayani, don a ganinsa raini ne. Ya kafa tantuna biyu, sanduna uku suka yi saura, ya ce kamfani ne ya sako na gyara. Wajen ƙarfe biyun dare wata ƴar dabba dangin rema ta kama ihu a kan bishiya kamar ana yanka mutum, ruwa ya sauko, tantin maza ya kwanta a kanmu. Mu takwas muka ƙarasa daren a cikin bas, muna jiƙe, muna cin kilishi.

Na tara ɗin dama tun farko a bas yake. Shi ne Mai Barci. Ya yi barci a Kasoa, ya yi a Elmina, ya farka ya ci dambu ya koma. Giwayen Kakum ƴan cikin surƙuƙi ne, da wuya baƙo ya gan su, amma da muka dawo Nima sai na tarar da shi a majalisa yana bayanin yadda uku suka gifta ta gabansa da asuba. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya Jarumi ya riga ni.

"Ƙwarai kuwa, ni ma na hango su daga kan gada ta bakwai."

Mai Barci ya gyaɗa kai ya ce, "Ai da gudu ma ya haye ta."