Ijtihadina a Kan Tsatsa

A iyakar nazarin da na yi, abokan gabar ɗan Adam gida biyu ne: akwai masu zuwa da kururuwa a ji su tun daga nesa, irin su gobara da ambaliya da mai bin bashi, akwai kuma masu shigowa a sace su share shekaru suna ɓarna ba wanda ya farga, irin su gara da hassada, to a wannan gida na biyu, in dai za a yi adalci, tsatsa ce ta cancanci rawani, domin ita kaɗai ce take cin ƙarfe, abin da wuta ma sai da zuga-zugi take iya lanƙwasa shi.

Motar da ta haɗa ni da ita Fijo ce 504, irin wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda aka buɗe masana'anta a 1975, ba a daina fitar da ita ba sai 2006. Marigayi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta ne bayan kuɗin Udoji, lokacin yana ma'aikatar jirgin ƙasa a Legas, inda ta yi shekaru tana shaƙar iskar teku mai gishiri. Da ya bar aiki ya komo Kano sai ya kafe ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ganye yana zuba yana toshe 'yan kafofin da aka yi wa ƙofofinta don ruwa ya tsiyaye. Ranar rabon gado, bayan an fitar da tumunin iyayenmu mata, 'yan'uwana suka karkasa gonaki da shaguna, sa'an nan suka yi ittifaƙi a kan cewa motar ni ta dace da ita, tun da ni ne mai ilmin kimiyya a gidan. Ni kuwa na karɓi wannan a matsayin girmamawa, har na yi musu godiya.

Da na yi ritaya daga koyarwa, hankalina ya kwanta, sai na dube ta da idon basira, na ga in ban da 'yan ƙuraje da suka ɗaga fenti a gindin ƙofofi da bakin madigadi, ba abin da ya same ta. Na aika aka kira wani fanalbita na bakin titinmu, wanda ya kewaye ta yana ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar sukudireba yana kasa kunne, daga bisani ya ce sai an yanke ƙarfen da ya mutu an yi waldar sabo, ya kuma faɗi kuɗin da ya kusa fansho na na wata uku. Na nuna masa ƙurajen, na ce duka-duka nawa suke? Ya ce, "Malam, wannan da kake gani ai zakka ce ta fitar, dukiyar tana ciki."

Ban ga dalilin da zai sa wanda bai taɓa riƙe alli ba ya yi mini fatawa a fannina ba, saboda haka na zaunar da shi na bayyana masa cewa tsatsa ba wata aba ba ce face ƙarfe da ya haɗu da iskar oksijin alhali ruwa yana tsakani. Cewa gishiri yana gaggauta wannan haɗuwa, shi ya sa motocin bakin teku da na ƙasashen da ake watsa wa tituna gishiri lokacin ƙanƙara suke riga namu na ƙasar hunturu lalacewa. Cewa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka take kumbura ta ɗaga fenti. Cewa kuma saɓanin alminiyam, wanda yake yi wa kansa siririyar riga mai hana iska shiga, ita ɓarɓashi take yi ta zube ta buɗe sabon wuri. Ya saurara da ladabi har na kai aya, ya ce wallahi bai taɓa jin bayani mai daɗi haka ba, ya tambaya ko akwai na goro, ya kama hanyarsa.

Na sauka Ƙofar Ruwa na sayo samfefa mai kaushi da mai laushi, da burushin waya, da gwangwanin fila tare da 'yar robar jan maganin da yake sandarar da ita, wanda mai shagon ya yi ta nanata mini cewa ɗan kaɗan ake sawa. Na yi bisimilla na fara gurzar wani tabo da bai wuce faɗin kwabo ba, da niyyar in isa ga farin ƙarfe kafin azahar. Amma duk inda burushin ya taɓa sai wurin ya ba da kai, tabo ya zama huda, huda ta zama taga, har lokacin da ladan ya kira salla na sami kaina ina hangen tayar gaba ta cikin madigadi. Da na ɗaga shimfiɗar ƙasan kujerar baya, wadda ashe ta shekara da shekaru tana riƙe laima, sai na yi ido huɗu da kazar uwargida tana kwance kan ƙwai a ƙarƙashin motar, ta dube ni, na dube ta, na mayar da shimfiɗar.

A nan ne na koma ga ƙiyasi, wanda yake ɗaya daga tushen hukunci ga ma'abota ilmi: tun da mata suna wanke tasoshin tagulla da tsamiya su yi ƙyalli, tun da kuma magungunan tsatsa na kanti su ma tsami ne a cikinsu, lalle tsamiya za ta wadatar. Na kwashe wadda uwargida ta tanada don kunun azumi, na jiƙa ta a bokiti, na shafe motar da ita tun daga bamba har but, na kwanta da farin ciki. Abin da littattafai suka ambata a hashiya kawai, ba a cikin matani ba, shi ne ƙarfen da aka kware da tsami, in ba a ɗauraye shi an busar an rufe nan take ba, cikin dare ɗaya yake sake yin ja. Da asuba na fito na tarar da motar ta fi jiya ja, awakin unguwa kuwa sun yi sahu a gefenta suna lasa cikin natsuwa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, in ka gama shayar da mota, mu da me za mu sha ruwa?" Na amsa mata da cewa ƙiyasin sahihi ne, illar ce ta saɓa, ta ce ita dai tsamiyarta ta sani.

Sai babin fila, wanda a cikinsa na ga abubuwan al'ajabi. Da yake ban sami allon kwaɓawa ba, na ari farantin tangaran daga jeren ɗakin uwargida ba tare da na wahalar da ita da neman izini ba. Da yake kuma hankali yana hukunta cewa abin da kaɗan ɗinsa ya yi amfani, mai yawansa zai fi, sai na matse rabin jan maganin a kai, alhali watan Afrilu ne, zafin Kano ya haura digiri 40, shi kuwa wannan haɗi zafi yana ƙara masa sauri. Tsakanin inuwar zaure da jikin mota taku bai fi goma ba, amma kafin in isa farantin ya ɗauki ɗumi a hannuna, kwaɓin ya daskare, cokalin da na juya da shi ya tsaya cak a tsakiya, har yau kuwa yana nan tsaye. A kwaɓi na gaba na yi taƙawa na rage maganin ƙwarai, sai filar ta ƙi bushewa sam, ta zauna tana tara ƙura da gashin kaza, har jikana ya zo ya buga mata tafin hannunsa. Daga baya na dace da gwargwado, sai wata mas'alar ta taso, wato fila ba ta tsayawa a kan iska. Don haka na cusa wa ramukan tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da marigayi ya bari a akwati, na tokare su da wayar rariya, na liƙe, ƙasan kujerar baya kuwa na shimfiɗa masa kwali da guntun kwanon rufi. Na goge, na bi da fenti da burushi, dattawan majalisarmu suka zo suka yi ijma'i cewa motar ta koma sabuwa fil, ko da yake na lura duk daga tsallaken titi suka yanke hukuncin.

Cikin Agusta, lokacin da damina ta kai maƙura, aka yi bikin 'yar ƙanena, aka kuma roƙe ni in sa motar cikin jerin kai amarya, aka ba ni gwaggwanni huɗu waɗanda Allah ya yi wa yalwar jiki, da kwallaye a cinyoyinsu. Mun fara tafiya lafiya, ana guɗa, ina amsa gaisuwar mutane ta taga, har muka shiga wani layi da ruwa ya kwanta. A kududdufi na farko na ji wani sanyi ya ratsa idon sawuna, a na biyu jaridun marigayi suka sha suka kumbura, madigadin dama ya saki wani curi da ya gangara kwata, a na uku kuwa guɗar baya ta rikiɗe ta zama salati. Babbar cikinsu, wadda ta goye ni ina jariri, ta dafa kafaɗata ta ce, "Kai ɗan nan, tsaya! Ƙasa tana gudu a ƙarƙashina!" Ko da na waiwaya, kwali ya narke, kwano ya zame, ƙafarta ɗaya tana lilo a waje, takalmin da aka saya mata musamman don bikin ya riga ya yi hijira. Amarya ta isa ɗakinta a kan lokaci. Gwaggwanninta kuwa a Keke Napep suka iske ta, suna ba da labari tun daga ƙofar gida.

Yaran unguwa suka tura mini motar zuwa wurin fanalbitan nan, wanda bai ce uffan ba, illa ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya riƙa ɗora shi a jikinta: inda ƙarfe yake sai ya manne, inda aikina yake sai ya faɗo, ya kuwa yi ta faɗowa har yaron shagon ya gaji da sunkuyawa. Da aka sa guduma aka fasa gindin ƙofa, jarida ta fito a dunƙule, wani almajirinsa ya warware ta ya shiga karanta wa jama'a farashin gyaɗa na zamanin da ba a haife shi ba. Sa'an nan maigidan ya nuna mini tasa tariƙar: a fitar da tankin mai da kujeru saboda tartsatsi, a yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga ƙarfe mai haske, a zana siffar ramin a kwali a yanko faranti mai kauri daidai da na jikin motar, a ɗiɗɗiga walda nan da can ana bari yana hucewa, don zafi in ya taru wuri ɗaya murɗe ƙarfe yake yi, a goge, a shafa fentin farko mai kare ƙarfe ciki da waje, fila kuwa a sa ta siririya don daidaita fuska kawai, a ƙarshe a buɗe kafofin tsiyayar ruwa. Kwanon rufina ma ya ce ko kyauta ba zai yi waldarsa ba, domin rufin zinkin da ke jikinsa farin hayaƙi yake fitarwa mai sa zazzaɓi. Na shaida masa cewa duk wannan ya yi muwafaƙa da abin da na karantar da shi tun farko.

Takardar kuɗin da ya miƙo mini babi biyu ce, na cire tsatsa da na cire aikin Malam, na biyun kuma ya ɗara na farkon. Da na ga ya rataye curin filar nan da jaridarsa a ƙofar shago, yana nuna wa kowane sabon yaro ranar da aka kawo shi koyon sana'a, sai na kafa masa hujja cewa ashe har yanzu karantarwa nake yi, malami kuwa yana da haƙƙi a kan ɗalibansa, don haka wajibi ne a yi mini ragi. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sa'an nan ya ce ya yarda, zai cire mini kwabo ɗaya, kuɗin jarida.