Mahayan Dokin Aisilan, Kowa da Halinsa

A Aisilan, tsibirin nan da ke can arewacin tekun Atlantika, akwai sana'ar da ba ta rasa ciniki: a ɗora baƙo a kan doki, a zagaya da shi cikin filayen da duwatsu suka yi aman wuta ya daskare. Da safe motocin masu dawaki ke bin otal-otal na birnin Reykjavik suna kwasar 'yan yawon buɗe ido, a ba kowa kwalkwali da rigar ruwa, a jera su bayan jagora. Dawakin gajeru ne kakkaura, tsayinsu wajen santimita 140 a kafaɗa, ga geza buzu-buzu, ga haƙuri. Ba su da matsala. Mahayan ne abin kallo.

Tun a barga ake gane Gwani. Ko namu ne da ya saba hawan Daushe a Kano, ko Ba'amurke mai malafar kaboyi daga Texas, halinsu ɗaya. Zai dubi dabbar sama da ƙasa, ya taɓe baki, ya ce, "Wannan kurun zan hau?" Mutanen ƙasar ba sa son a raina musu doki, amma jagora ba za ta tanka ba. Ta san abin da ke gaba. Dokin Aisilan yana da wata tafiya da ake kira tolt: ƙafafu huɗu na sauka ɗaya bayan ɗaya, kullum akwai wadda ke ƙasa, shi ya sa mahayi ba ya jijjiga, har akan yi wasan riƙe kofi cike a guje ba tare da ya zube ba. Gwani bai san da wannan ba. Da doki ya shiga tolt sai ya ɗauka iskanci ne, ya fizgi linzami, ya zungure shi da diddige. Doki ya ce to shi ke nan, ya koma sassarfa, ya yi ta girgiza shi har haƙora na haɗuwa, a daidai lokacin da wata tsohuwa Bajamushiya da ba ta taɓa sa ƙafa a likkafa ba ke wuce shi salin-alin tana murmushi. Da yamma za ka ji shi yana bayani cewa laifin sirdi ne, da an bar shi ya zo da nasa da an ga aiki. Ba za a bar shi ba kuwa. Doka ta hana shigo da kayan doki na fata da aka riga aka yi amfani da su, domin dawakin sun yi ɗaruruwan shekaru a keɓe, ba su da garkuwa daga cututtukan waje. Ko dokin ƙasar ne ya fita gasa a ƙetare, ya fita ke nan, ba ya dawowa.

Ita kuwa Hajiyar Hoto ba ta ga Aisilan da idonta ba, wayarta ce ta gani. Linzami a hannun hagu, waya a dama, doki na tafiya inda ya ga dama. A bakin Strokkur, maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke tsiri sama duk bayan 'yan mintuna, za ta ɗaga waya har hannu ya gaji, tana saukewa ruwan ya tashi. Ita ce mai taka gansakukar da ta lulluɓe daskararren aman dutse, wadda kan yi shekaru da dama kafin ta farfaɗo. Ita ce kuma mai juya wa teku baya a Reynisfjara, gaɓar nan mai baƙin yashi, duk da allunan gargaɗi. Wannan kam ba abin dariya ba ne, igiyar ruwan wurin ta ci rayuka.

Allah ya raba ka da tafiya kusa da Masani. Ya karance komai a jirgi, kuma sai ya sauke shi a kunnen wani. Zai gaya maka an kafa majalisar ƙasar a Thingvellir a shekarar 930, tokar dutsen Eyjafjallajökull ta tsayar da jiragen Turai a 2010, aman wutar Laki na 1783 ya jawo yunwar da ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen tsibirin. Duk gaskiya ne. Abin takaicin, Matsoraci yake gaya wa.

Shi Matsoraci tun a gida ya ji labarin yadda aka kwashe mutanen garin Grindavik a Nuwamban 2023 don tsoron aman wuta, saboda haka duk tururin da ya gani yana fita daga ƙasa sai ya yi salati. "Ranki ya daɗe, yaushe wannan dutsen ya yi aman ƙarshe?" Jagora ta ce an yi dubban shekaru. Ya ce, "To ai lokacinsa ya yi ke nan." Ya ƙanƙame geza da hannu biyu, ya sakar wa doki komai, kuma saboda haka shi kaɗai ne dokinsa ba ya kuskure hanya.

Akwai Ɗan Gayu, wanda ya ji an ce bazara ce ya zo da farin takalmi da 'yar shara-shara, ya ƙi rigar ruwa don kada ta ɓata masa ado. Kafin a yi nisa leɓensa ya bushe, ya daina magana. Akwai mai mayar da kowane krona zuwa naira, ya sha shayi kofi ɗaya ya yi jimami har dare. Daren ma a watan Yuni sai an yi da gaske: Alhaji na zaune da alwala yana jiran Magariba, rana ba ta faɗi ba sai wajen sha biyu. Mai Tausayi kuma ta wuni tana shafa wuyan dokinta tana kiransa ɗan lele, aka shiga gidan abinci ta tarar da naman doki a jerin abin da ake sayarwa.

Idan Allah ya kai ka, karɓi rigar ruwan nan komai muninta, ka sassauta linzami, ka bi bayan Matsoraci. Masani kuwa ka bar doki uku tsakaninka da shi.