Dutsen Guga Ya Kalli Uwar Ɗaka

Ƙanina ya tare a gidan haya a Rijiyar Zaki da ke Kano ranar Asabar, kuma tun daga ranar danginmu ba su da zance sai na kafet. Kuɗin hayar da ya kusa kai shi ƙasa, da la'adar dillali kashi 10 cikin 100, da famfon banɗakin da tun da aka kafa shi bai taɓa ɗigar da ruwa ba, duk babu wanda ya ɗaga kai ya dube su. Wanda ya tashi daga gidan ya bar kafet malale da falo, ruwan toka, mai kauri, an bi shi da gam ya kama siminti ƙam. Yaron nan, da yake albashi yake ci ba gado ba, ya taka ya ji laushi, ya ce alhamdu lillahi an rage masa hanya. Hamdalar nan ita ta jawo masa.

Gwaggo ce ta fara zuwa, ranar Lahadi da hantsi, da ƙullin turaren wuta da 'yar jarkar ruwan addu'a. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta leƙa, sai ta mayar da takalminta.

"Wannan shimfiɗar ta waye?"

"Gwaggo, a gidan na tarar da ita."

"A gidan ka tarar. To da matarsa ya manta a gidan, ita ma sai ka riƙe?"

Da abin ya tsaya nan, da an sha ruwa an watse. Sai idonta ya faɗa kan tabon. Can gefen falo, kusa da inda ake jona wuta, akwai ƙunar dutsen guga, ta fito raɗau, tsini da gindi, har 'yan hudojin da tururi ke fita sun zauna a jere. Duk wanda ya yi zaman garin nan ya san tarihin wannan tabo ba sai an ba shi labari ba. An kawo wuta ƙarfe biyun dare, bawan Allah ya zabura ya shimfiɗa kaftanin Juma'a a ƙasa, bai gama hannu ɗaya ba aka ɗauke, ya yi tsaki ya koma barci ya bar dutsen a kife, da asuba aka dawo da ita. Shi ke nan.

Gwaggo ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta sunkuya, ta bi tsinin da ido, ta ga inda ya dosa. Ƙofar uwar ɗaka. Sai salati.

Kafin azahar Inna ta iso, ta duba, ta ce Gwaggo ba ta auna daidai ba, tsinin ya ɗan karkata wajen kicin, kuma wannan ya fi muni, don abinci ba zai riƙa auki a gidan ba. Buhun shinkafa zai ƙare tun wata bai raba ba. Na so in ce ai ko a gidan da ba kafet haka buhun yake yi a bana, amma na ga ba a buɗe fagen masu irin ra'ayina ba. Ɗan Kawu, mai karatun injiniya, wanda na zaci shi zai cece mu, ya zaro waya ya buɗe manhajar neman alƙibla, ya ɗora ta a kan tabon, ya daɗe yana jujjuyawa, sannan ya sanar cewa tsinin ya kauce wa gabas sosai. Inna ta ce ai ga shi nan, da guga ce ta Allah da Annabi, me zai hana mutum ya fuskanci gabas? Aka ƙirga hudojin. Aka samu wutiri. Aka sake ƙirgawa aka samu shafa'i, sai aka ce ɗaya ta ɓuya, kuma ɓuyar tata ma abin dubawa ce. Aka ɗauki hoto aka tura zauren dangi na WhatsApp, wata 'yar'uwarmu da ke aure a Jidda ta aiko da murya ta minti shida, ta ce ta taɓa ganin irinsa sak a gidan wata mata, kuma matar ba ta shekara ba aka yi mata kishiya. Matar ƙanina, da tun safe take gefen mijinta tana cewa a wanke kawai a ci gaba da amfani, tana jin haka ta sauya sheƙa.

Ranar Litinin aka ɗauko malam. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya tsuguna, ya shafa wurin, ya ɗago ya ce, "Hajiya, wannan guga ce. Nawa falon ma akwai irinsa har biyu." Aka sallame shi da lemo ɗaya. Bai kai bakin titi ba aka yanke hukunci: malamin zamani ne, karatunsa bai kai nan ba, a nemo wani.

Ni ban ce kada a cire kafet ba. Akwai kafet ɗin da barinsa zalunci ne. Wanda yara uku suka yi rarrafe da yaye a kansa, in damina ta shigo shi zai ba ka labarinsu da hanci. Akwai wanda kuɗin cizo suka kafa masarauta a bakin ɗinkinsa, ko ka zazzage masa fiya-fiya sai dai kai ka bar gidan. Ga ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi ta sauke mana daga Nuwamba har wajen Maris. Kafet ɗin da aka manne da gam ba ya fita waje a kakkaɓe shi, don haka duk hunturun da ya gani yana cikinsa a ajiye, mai asma ko mai jariri yana da hujjar ya ɗaye shi ya zauna a kan tayil ko siminti. Gane wannan ba ya buƙatar taro. A ɗaga kusurwa, a shinshina, a duba ko ƙasan da danshi, a haska ɗinkin da fitilar waya. In lafiya lau, a samo buroshi da omo da yaro mai ƙarfi. Da sabon gini gara yaɓe.

An ɗaga kusurwar kuwa, amma laya ake nema. Aka samu ƙwallon dabino, da tsinken sakace, da tsohon katin waya da aka kankare. Gwaggo ta naɗe katin a bakin zani, ta ce lambobin nan sai an kai an duba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mu ɗin nan ne fa masu cika Ƙofar Wambai da sanyin safiya muna jiran a farke dilar gwanjo. Rigar sanyin da ke jikin ɗan Kawu, Allah kaɗai ya san Baturen da ya mutu a cikinta. Motar Kawu daga Kwatano aka shigo da ita, bayan wani a Beljiyam ya gama yawo da karensa a kujerar gaba. Wayar da aka auna alƙiblar da ita a Farm Centre aka saya, ta hannu, wani a Landan ya shekara biyu yana fesa mata yawu. Duk waɗannan tsarkakakku ne, ba wanda ya ce a kira malam. Amma kafet ɗin Musulmi ɗan'uwanka, ma'aikaci irinka, wanda laifinsa kawai barci ya kwashe shi yana guga, shi ne abin gudu. Kakanninmu mata da suka daɓe ɗakuna da tsakuwa da makuba, wadda ta gaji ɗaki ta gaji daɓen, ban taɓa jin an fasa shi don wata ta riga takawa ba, alhali in binne abu ne, ƙarƙashin daɓe ya fi rufin asiri.

Kuma kun san inda za a kai shi in an ɗaye? Masallacin unguwa. Sadaka. Abin da aka ce ƙafar matar ƙanina ba za ta taka ba, a kansa Kawu zai riƙa ɗora goshinsa sau biyar a rana, sahun gaba, watakila daidai kan tsinin.

A daina ɓoye-ɓoye, ba aljani ake tsoro ba, 'yan ganin gida ake tsoro. Za su zo da "Allah ya sa rai aka yi wa" a baki, babban yatsan ƙafa kuwa yana nutsewa cikin kafet yana auna kauri. Wata za ta yar da ɗankunne da gangan don ta samu ta ɗaga gefe ta karanta tambari. In aka ji cewa na tsohon ɗan haya ne, maganar za ta bi yarinyar nan gidan suna, ta bi ta gidan biki, sai ta aurar da 'yarta ana tuna mata. Ita ta san haka, shi ya sa ban ga laifinta ba. Laifin na wanda zai zo ya sha lemonka, ya ci cincin ɗinka, ya fita ya je yana auna arzikinka da yadi. Saboda bakin irin waɗannan ne uba ke sayar da gonar gado ya yi wa 'ya jere, a zuba kaya a ɗakin da ko juyawa ba a iya yi, bayan wata shida a kira dillaliya ta kwashe rabi a rabin kuɗi don a sayi masara. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, komai na ɗaki ya bi ta, albashi ya tsaya yana kallo, amma ko mutum ɗaya ban ji ya ce a sassauta wa yaran nan ba. Ƙanina zai ci bashi. Ya riga ya je ya roƙi a ba shi kwasar farko a adashin ofis, kuɗin da ya ƙulla niyyar biyan makarantar ɗansa da su. Waɗanda suka ƙirga hudoji kuwa, ko sisi ba wanda ya ce ga gudummawa.

Sai a tafi kasuwa, inda kowane kafet ɗan Turkiyya ne. Ka nuna na bisa, ɗan Turkiyya. Ka nuna na ƙasa wanda ake gani ta cikinsa, shi ma ɗan Turkiyya ne, sai dai "na biyu". Gaskiya ne garin Gaziantep ya cika duniya da kafet ɗin inji, amma kafet ya yi shekara da shekaru a cikin jerin kayan da hukumar Kwastam ta hana shigowa da su ƙasar nan, don haka ko dai mai shago yana yi maka ƙarya, ko yana gaya maka gaskiyar da bai kamata ya faɗa da ƙarfi ba. Ana saƙa kafet a Ikorodu ta jihar Legas, mai kyau kuwa, amma wa zai tsaya gaban surukai ya ce nasa ɗan Ikorodu ne?

To an sayo, an shimfiɗa, an yi turare. Me zai biyo baya? Leda. Za a sayo farar leda mai kauri a rufe shi ruf, kada ya yi datti. An ci bashi don ƙafa ta ji laushi, ƙafa kuma ba za ta taɓa shi ba har abada. An sayar da kare an sayi biri. A kulle falon, a rataye makulli a wuyan uwargida, yara su koma tsakar gida kan tabarma, maigida ya ci tuwonsa a bakin ƙofa yana hango dukiyarsa ta taga.

Wannan ledar ma, wai wa ya ɗora mana ita? Kujera da leda. Katifa da leda, mutum ya juya cikin dare maƙwabta su san ya juya. Rimot an naɗe shi da leda an ɗaure da kyauro, maɓallan sun shafe, sai an danna da haƙori. Talabijin ta shekara takwas, takardar kamfani na manne a kusurwar gilashi, ta rufe rabin fuskar mai karanta labarai, ka kai hannu ka ɓare a yi maka tsawa. Ka je gaisuwa gidan mutum a watan Afrilu, zafin Kano ya haura 40, ba wuta, a zaunar da kai kan kujera mai leda, kana zufa kana zamewa kana "lafiya lau, alhamdu lillahi". In ka tashi tafiya, rabuwarka da kujerar sai ka ce ana ɗaye filasta daga gyambo, kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba, shaddarka ta manne a baya ka fita kana jan ta.

Akwai maƙwabcina da ya sayi mota tun kafin a cire tallafin mai, har yau kujerunta na cikin leda, har abin kare rana na gaban direba. Ba sabuwa ya saya ba, ta hannu ce. Ledar a nan garin aka sa mata kafin a kai ta wurin sayarwa, kuma ya sani. In ya taka burki, duk wanda ke baya sai ya sulalo ya same shi a gaba. Kwanan baya ta wajen direba ta yage, muka ce to Alhaji, Allah ya kawo ƙarshen wahala, a yaye sauran a huta. Ya dube mu da mamaki. Washegari ya kai ta wurin masu ɗinkin kujera a sa mata sabuwar leda, ya dawo yana faɗa wai ya tarar da layi, sai jibi.